WANE "DA" MUKE NUFI?

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe. Magana ce a kan kalma mai harafi biyu kacal, amma za ta kai mu har ga tutocin da aka yi ta ɗagawa a Yamai da Kano, da takardun da shugabanninmu ke sa wa hannu da sunanmu.

Kalmar ita ce "da". Ɗauki kowane labari na Hausa, na jarida ko na rediyo ko saƙon da aka turo maka a WhatsApp, ka ƙirga ta. Babu kalmar da za ta kamo ƙafarta wajen yawa. A sakin layin farko na rubutun nan kaɗai ta fito sau da yawa ba tare da na neme ta ba. Muna furta ta daga asuba har mu kwanta, kuma saboda sabo ba ma lura cewa aiki kusan goma take yi mana.

Ita ce ke haɗa tuwo da miya. Ita ce ke nuna abin da aka yi aiki da shi, kamar a ce ya yanka da wuƙa. Ita ce ta mallaka: ina da gona, ba ni da kuɗi. Ita ce ta samuwa, shi ya sa in an gaishe ka da aiki kake cewa "da godiya", in an tambayi jiki ka ce "da sauƙi". Tana nuna lokaci: da safe, da damina, da zuwansa sai aka tashi. Tana ɗaure jimla: mutumin da ya zo jiya. Tana shiga wajen zaɓi tsakanin abu biyu: da babu gara ba daɗi. Duk waɗannan gajeruwa ce, murya ƙasa.

In ka ja ta ka ɗaga murya sannan ka sauke ta, ta zama wata aba. "Mutanen da." Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta iya yin hira ta minti biyar ba ta ce "a da can" ba. A wurinta da wani gari ne da ta baro, inda hatsi ke da araha kuma yaro ba ya ɗaga wa babba murya. In kuma ka ja ta ka sauke murya, sai ka shiga gidan nadama: da na sani, da ban je ba. Wannan ce Bahaushe ya ce ƙeya ce, a baya take.

Saura guda, wadda ba "da" ba ce ma a furuci, amma wayoyinmu sun mai da ita "da" da ƙarfin tsiya. Ina nufin ɗa, mai lanƙwasa. Tun shekarun 1930 aka shigo da haruffa masu lanƙwasa cikin rubutun boko don raba irin waɗannan, amma yau mutum nawa ne a Facebook ke damuwa ya nemo su? Gwada karanta wannan: "Da a da da da, da dan ya gaje shi." Kai za ka ɗauka in'ina ce ta kama mai rubutun. Alhali cewa ya yi: da a ce a can baya akwai ɗa, to da ɗan ne zai ci gadon. Hausa ce tsantsa, kuma in a baki aka faɗe ta ko yaro zai gane. Rubutun boko ba ya nuna jan wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, don haka mai karatu ne ke cike gurbin da kansa. Almajiran da suka yi karatun allo sun san haɗarin wannan tun suna ƙanana. A Larabci "la" in ka ja ta korewa ce, wato a'a, in ka taƙaita ta kuwa tana iya zama ta ƙarfafawa, wato lalle. Shi ya sa alaramma ba ya yi maka sassauci a kan madda.

Wannan duk a cikin gida ne. Bari mu fita waje.

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a Legas ya san "owo da?" Na yi 'yan watanni a can, kuma ita ce Yarabancin farko da ya zauna mini a kai, don ba a kwana ba ka ji ta daga bakin kwandasta ko 'yan kamasho ba. Nufinta ina kuɗin? Wato "da" a nan tambaya ce, ina abu yake. Amma a Yarabancin dai, in murya ta canja, tana iya zama ƙirƙira ko karyawa. Wajen Ibo, "da" faɗuwa ce. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi za su gaya muku cewa a bakin Asante "da" barci ce, shi ya sa sai da safensu "da yie" ne, wato a yi barci lafiya. Kuma rana ce, don haka sunayen ranakunsu ke ƙarewa da ita, Kwasiada Lahadi, Memeneda Asabar. A Bamako, Bambara in ya ce "da" yana nufin baki, yana kuma nufin ƙofa, kusan yadda mu ma muke cewa bakin ƙofa. Zabarmawa suna da "nda", wadda ke yi musu aikin haɗawa da na sharaɗi, kusa ƙwarai da tamu. Hausawan Sudan kuwa sun san "az-zol da", mutumin nan, kamar yadda ɗalibanmu na Alƙahira suka san "eh da?", mene ne wannan.

Tsallaka Turai. Bajamushe in ya ce "ich bin da", cewa ya yi ina nan. A Italiya "da" tana nufin daga. Leonardo da Vinci, mai zanen nan da duniya ta sani, Vinci sunan garinsu ne, wato Leonardo mutumin Vinci, kamar dai yadda muke cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari. A Fotugal da Barazil kuwa "da" ita ce "na" ko "ta" ɗinmu, ita ce a cikin Vasco da Gama da Lula da Silva, kuma ita ce ta biyo 'yantattun bayin da suka dawo Legas daga Barazil da sunaye irin su da Rocha. A Sifaniyanci "da" bayarwa ce. A yankin Wales na Birtaniya "da" na nufin mai kyau, barka da asubarsu "bore da" ce. Abin dariya, a Ailan yaro na kiran mahaifinsa "da", mu kuma ɗa shi ne wanda aka haifa. Baturke in ya ce "o da" yana nufin shi ma, in ya ce "Ankara'da" yana nufin a Ankara.

Ci gaba gabas. Babban bankin Afganistan sunansa Da Afghanistan Bank, don a harshen Pashto wannan "da" ita ce ta mallaka, bankin Afganistan ke nan. A Japan "da" ita ce "ne" ko "ce" tasu, ana rufe jimla da ita. Mutanen Sin kuwa irinmu ne wajen wasa da murya: "da" in murya ta faɗo tana nufin babba, in ta nutse ta taso tana nufin duka, in ta hau tana nufin amsawa. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta ƙasar Jojiya, can tsakanin Rasha da Turkiyya. A harshensu "da" tana haɗa abu biyu daidai da tamu, kuma ita ce kalmarsu ta 'yar'uwa mace. Su ne dai mutanen da ke kiran uba "mama".

Na san a nan wani zai yi wuf ya ce ai ga hujja, duk harsunan duniya daga Hausa suka fito. Don Allah mu bi a hankali. Irin wannan maganar tana yawo sosai a dandalin nan, mutum ya tsinci kalma biyu masu kama da juna ya gina tarihin ƙaura a kansu. Dalilin kamannin bai kai nan ba. Harsunan duniya sun kai kusan 7,000, amma sautukan da bakin ɗan Adam ke iya yi ƙididdigaggu ne. In ka ce baƙi ɗaya za ka haɗa da wasali ɗaya, zaɓin da kake da shi bai taka kara ya karya ba. Wasalin "a" kusan babu harshen da ba shi da shi, kuma ba, ma, da, ta, su ne farkon abin da jariri ke gwalantu da su tun kafin ya san akwai wani abu wai shi ma'ana. Ƙari a kan haka, wani masani a jami'ar Harvard mai suna George Zipf ya nuna tun 1935 cewa kalmomin da aka fi yawan amfani da su a harshe su ne suka fi gajarta. Duba namu: a, ya, ta, na, ba, da. Ashe dole harsuna su yi ta karo da juna a kan 'yan gaɓoɓin nan, kamar yadda mutane ke karo a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Masana harshe suna da wani misali da suke yawan kawowa: a wani harshen 'yan asalin Ostareliya mai suna Mbabaram, sunan kare "dog" ne, daidai da na Ingilishi, kuma an tabbatar ba aro ba ne, dacewa ce kawai. Hausa 'yar gidan Chadi ce, danginta na nesa su ne Larabci da Ibrananci da Amharik da harshen Buzaye. Babu abin da ya haɗa ta da Jojiyanci sai wannan karon.

To yanzu ga wadda ta sa na ɗauko alƙalami. A Rashanci "da" tana nufin eh. Kusan kowa ya san wannan, ko daga finafinai. Haka take a Bulgeriya da Sabiya, har da Romaniya wadda harshenta ɗan gidan Latin ne. Sai dai akwai wani likita a unguwarmu da ya yi karatunsa a Rasha, shi ya fahimtar da ni cewa "da" ɗin Barashe ma ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke haɗa suna biyu kamar tamu. Suna da wani fure da suke kira "Ivan da Marya", wanda Bahaushe ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane Ivan ne da Maryamu. Akwai "da" ta fata da addu'a, irin wadda ake buɗe kirarin "ran wane ya daɗe" da ita. Akwai kuma "da net", a zahiri "eh a'a", wadda in Barashe ya faɗa maka to a'a yake nufi. Ya ce sabon ɗalibi yakan ji "da" ɗin farko ya kama murna, bai tsaya ya ji abin da ya biyo baya ba. A Bulgeriya kuma abin ya ƙara rikicewa, don a al'adarsu girgiza kai gefe da gefe shi ne eh, gyaɗa shi sama da ƙasa shi ne a'a. Mutum zai ce maka "da" da bakinsa, kai kuma idonka na ganin ya ƙi.

Su kansu Rashawa sun san tsadar wannan kalma a siyasa. Andrei Gromyko ya riƙe ma'aikatar harkokin wajen Tarayyar Sobiyet daga 1957 zuwa 1985, kuma Turawan Yamma sun laƙaba masa suna Malam A'a, saboda yadda yake hawa kujerar na-ƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Bayan rushewar Tarayyar, wanda ya riƙe wa Rasha wannan kujera har zuwa farkon 1996 shi ne Andrei Kozyrev, shi kuma mutanensa suka sa masa Malam Da, wato Malam Eh, don suna ganin duk abin da Amurka ta kawo sai ya amsa. Har gobe ba yabo ba ne a Mosko a kira ka da wannan suna. Kuma babban ƙorafin da Rasha ke yi wa ƙungiyar NATO ya samo tushe ne daga wata magana ta 1990: su sun ce an yi musu alkawari da baki cewa ƙungiyar ba za ta matso gabas ba, Yamma kuma ta ce a nuna mata inda aka rubuta. Ko wane ɓangare kake goyon baya, darasin ɗaya ne. Ƙasar da ke da makaman nukiliya ma ta ɗanɗani abin da ke faruwa in an amsa magana ba a tantance abin da kowa ya ji ba.

Akwai wani tsohon labari a littattafan addinin Hindu da ya dace da nan. Wai ƙungiyoyi uku suka yi zaman ɗalibta wajen ubansu: alloli irin na imaninsu, da mutane, da aljanu. Da za su tafi kowa ya nemi wasiyya, shi kuma ya ba kowannensu gaɓa ɗaya tak, "da". A harshen Sanskrit akwai kalmomi uku da ke farawa da wannan gaɓa. Na farko, da yake masu son jin daɗi ne, suka ce an umarce su da kame kai. Mutane, da yake marowata ne, suka ce an umarce su da kyauta. Aljanu, da yake mugaye ne, suka ce an umarce su da tausayi. Ya ce wa kowa ka fahimta. Ba ruwanmu da aƙidar da ke cikin labarin. Abin lura shi ne tun dubban shekaru mutane suka gane cewa gajeruwar kalma rabin ma'anarta a kunnen mai ji take.

Tuta ma gajeruwar kalma ce. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar, kwana ɗaya kafin a buɗe taron Rasha da Afirka a birnin St. Petersburg. Cikin 'yan kwanaki titunan Yamai suka cika da tuta mai fari da shuɗi da ja. Kafin ƙarshen shekarar sojojin Faransa sun fice, a watan Afrilun 2024 masu horarwa na Rasha suka sauka, kafin ƙarshen Satumba kuma Amurkawa sun bar sansaninsu na Agadas. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, tutar nan ta bayyana a Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa. Aka kama teloli. Ofishin jakadancin Rasha a Abuja ya ce ba shi da hannu. Ranar 1 ga Nuwamba duk muka ga hotunan yaran da aka gurfanar a kotun tarayya a Abuja kan tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, wasunsu suna zubewa ƙasa don galabaita, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Me yaron da ya ɗaga tutar nan yake faɗi? Na ga wasu daga cikinsu da idona a kan titi, yaran da in ka shimfiɗa musu taswira ba za su nuna maka inda Mosko take ba. Abin da na ji a bakinsu shi ne farashin mudun masara da litar fetur. Tutar a hannunsu tana cewa mun gaji, kowa ma ya zo in dai ba waɗannan ba. Hukuma ta kalli ƙyallen nan ta karanta juyin mulki. Masu sharhi a Turai suka karanta cewa Rasha ta ci Sahel da yaƙin farfaganda. Wanda ke zaune a Mosko kuwa, in ya ga Bahaushe ya rubuta "Muna tare da Rasha", kalma biyun ƙarshe a kunnensa "Eh, Rasha" ce. Ƙyalle ɗaya, kowa ya ji abin da ke ransa, kuma wanda ya fi kowa rauni a cikinsu shi ya kwana a tsare.

Kada wani ya ɗauka ina kare Faransa ne. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma har zuwa 2023 mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa, shi ya sa da aka yanke ta lokacin takunkumin ECOWAS garuruwa suka shiga duhu. Wanda ya ga wannan ya fusata yana da gaskiyarsa. Haka kuma ba ina cewa Rasha ba ta taɓa yi mana rana ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya ta sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi sa'ad da wasu suka noƙe, ta ba ɗalibanmu guraben karatu, Rediyo Mosko ya taɓa samun sashen Hausa, har ƙamus na Hausa da Rashanci aka buga a can a 1963. Tambayata ba ta wane ne nagari wane ne mugu ba ce. Tambayata ita ce, in mun ce "da", wace "da" aka rubuta a takarda, kuma da harshen wa?

Habasha ta taɓa shiga wannan rami. A 1889 Sarki Menelik ya ƙulla yarjejeniyar Wuchale da Italiya, aka rubuta ta da harshe biyu. Sashe na 17 a kwafin Amharik ya ce sarki yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe in ya ga dama. Kwafin Italiyanci kuma ya mai da abin wajibi. Da wannan 'yar tazarar Italiya ta shelanta wa Turai cewa Habasha ta shiga ƙarƙashinta. Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar, kuma sai da aka zubar da jinin dubban mutane a Adwa ranar 1 ga Maris 1896 kafin a gyara fassarar. Su sun yi nasara. Mu namu bai zo da wannan sa'ar ba. A 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya karɓo takardun yarjejeniya daga Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin George Goldie. Masu gari suna kallon abin a matsayin izinin ciniki ga baƙon ɗan kasuwa, kamfanin kuma ya ɗauki takardun ya nuna wa Faransa da Jamus a matsayin shaidar cewa yankin ya shiga hannun Ingila. Abin da ya biyo baya a 1903 kowa ya sani.

Ko da babu yaudara a fassara, "eh" kaɗai ba ta gina komai. A 1979 Najeriya ta ba wani kamfanin Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. Yau fiye da shekara 40, babbar tukunyar narka ƙarfen ba ta fara aiki ba. A taron Sochi na 2019 Buhari da Putin sun sake tayar da maganar farfaɗo da ita. An ce "da" a Mosko, an ce "eh" a Legas da Abuja, kuma kaso mai tsoka na laifin namu ne, na gwamnatocin da suka yi ta karɓar aikin suna yasarwa. Abin da ya rage mana shi ne ɗaya "da" ɗin: da an kammala, da yanzu matasa nawa ke cin abinci a wurin.

Lokacin da sojojin Nijar suka soke yarjejeniyar soja ta 2012 da Amurka a watan Maris na 2024, ɗaya daga cikin hujjojinsu ita ce ba a tuntuɓi jama'a ta hannun wakilansu ba kafin a girke sojan waje a ƙasar. Hujja ce mai kyau ƙwarai. To ma'aunin da aka auna Amurka da shi, shi ya kamata a auna Rasha da Turkiyya da Sin da duk wanda zai zo gobe. A Najeriya ma mun ga abin da ya faru a watan Yulin 2024 kan yarjejeniyar Samoa da Tarayyar Turai. Aka yi ta huɗuba da zagi da kare kai, masu cewa an sayar da tarbiyyarmu da masu cewa ƙarya ne. Tsakani da Allah, mu nawa ne cikin masu wannan faɗan muka buɗe takardar muka karanta? Da a ce al'adar gwamnatocinmu ce su fassara irin wannan takarda, a karanta ta sashe-sashe a rediyo kafin a sa hannu, da mai gaskiya da mai ƙarya duk sun bayyana tun ranar farko.

A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Na ga yadda aka yi ta murna a dandalin nan, ni ma na ji daɗi. Amma amfanin harshen ƙasa bai tsaya ga jawabin shugaba a talabijin ba. Ranar da manomin Tessawa ko mai shayin Zinder zai ji da Hausa, Bazabarme ya ji da Zabarmanci, Buzu ya ji da Tamashek, abin da aka ba baƙo da abin da aka karɓa a hannunsa, shekara nawa, kashi nawa, wa zai yi hukunci in an saɓa, ranar ce matsayin zai zama na gaske. Mu ma a Najeriya haka, ko da Faransa aka ƙulla ko da Sin ko da Bankin Duniya.

Ku tuna da ɗa mai lanƙwasa da na ambata a sama. A Hausa ɗa ba wanda aka haifa kaɗai ba ne, shi ne kishiyar bawa. Daga gidan wannan kalma 'yanci ya fito, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Sakkwato ke kira ɗiyauci. Bawa ne ake gaya wa magana ya ce to ba tare da ya tambaya ba. Ɗa kuwa yana da bakin cewa tsaya, maimaita mini, me kake nufi da wannan? In mun kori wanda muke ce wa "oui" ba tambaya, muka kawo wanda za mu riƙa ce wa "da" ba tambaya, to an gudu ne ba a tsira ba. "Da" ɗin da ta dace da mu ita ce tamu ta haɗi, wadda ke sa abu biyu su zauna kafaɗa da kafaɗa, Nijar da Rasha, Najeriya da Faransa, kowa ya san nasa ya san na wani, kuma an rubuta an karanta wa masu ƙasa.

Saboda haka shawarata ga matasanmu, musamman masu ɗaga tutar wata ƙasa ko sa hoton shugabanta a fuskar shafinsu: fushinku halal ne, amma ku faɗe shi da kalmar da ba za a fassara muku ita ba. In yunwa ce ku rubuta yunwa. In tsaro ne ku rubuta tsaro. Ga 'yan majalisa da 'yan jarida da malamanmu kuma, kafin ku ce mana mu yarda ko mu ƙi, ku nemo takardar ku karanta mana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

'Yan'uwa da ke zaune a wasu ƙasashe ko masu jin wasu harsuna, Fulatanci, Barbarci, Nufanci, Tibi da sauransu, ku gaya mana abin da "da" ke nufi a wurinku, mu ƙaru da juna. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon karanta abin da suke sa wa hannu, Ya raba mu da da-na-sani.